Babi na 6: Jinyar miji ko mata da ke kan injin numfashi

Darasi na 1: In inji ya yi ƙara

'Yar uwa sannu da ƙoƙari. Zan riƙa cewa "ke", amma kai ma maigida mai jinyar matarsa da kai nake. Injin numfashi, wanda ma'aikatan asibiti ke cewa bentileta, shi ke tura iska cikin huhun mijinki ta wata 'yar roba da likita ya saka masa a maƙogwaro. Doguwar tiyo ita ta haɗa injin da wannan roba. In wani abu ya samu matsala injin zai yi ƙara.

Toh in ya yi ƙara me za ki fara yi? Ki dubi mijinki. Ba injin ba, mijinki. Na ga ɗalibai da yawa, ana danna ƙarar gwaji sai su ruga wurin allon inji suna lalube a kan madannai, mara lafiya kuwa yana bayansu ba wanda ya kalle shi. Ki dubi ƙirjinsa, yana ɗagawa yana sauka? Ki dubi leɓensa da cikin bakinsa, sun yi toka-toka ko shuɗi? Ki dubi idonsa ko ya firgita. Sai kin gama wannan za ki juya ga inji.

Ƙarar da aka fi ji iri biyu ce. Ɗaya tana nufin iska ta kasa wucewa, wato majina ta toshe roba, ko tiyo ta lanƙwashe, ko tari yake. Ɗayar tana nufin iska na zurarewa, galibi tiyo ce ta cire, sai ki bi ta da hannu tun daga wuyansa har jikin inji. Rubutun allon da turanci yake, ba abin kunya ba ne ki roƙi nas ta nuna miki kowanne ta rubuta miki a takarda ki manna a bango.

In kin duba ba ki gane matsalar ba kuma yana wahala, kar ki tsaya bincike. Cire tiyon inji, haɗa jakar ambu, wato balan-balan ɗin roba da ake matsawa da hannu, a bakin robar wuyansa, ki matsa sau ɗaya duk daƙiƙa 5 zuwa 6 kina kallon ƙirji yana tashi, wani kuma ya kira motar asibiti. Ki ƙirga a fili, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, matsa. Za ki iya, hannunki zai saba.

Mu sake. Ƙara ta tashi, wa za ki duba? Mijinki. Sannan? Tiyo da inji. An kasa ganewa? Ambu. Ki faɗa sau uku kafin ki wuce shafin nan. Kuma dan Allah a daina danna maɓallin kashe ƙara a koma barci, wallahi abin nan yana ɓata min rai, na faɗa na sake faɗa amma kullum sai an samu mai yi. Kashe ƙara bai buɗe robar da ta toshe ba. Jakar ambu kuma a gefen gado take zama, ba a ƙasan akwati ba. Mutum tukuna, sannan inji.

Darasi na 2: Zuƙe majina

Ki wanke hannu da sabulu, ki sa safar hannu. A jikin siririyar robar zuƙa, wato wadda ke haɗe da injin zuƙa da ake turawa cikin robar wuyansa a zuƙo majina, akwai ɗan rami. Lokacin turawa ciki kar ki toshe shi, sai kina janyowa waje za ki ɗora yatsa. Iya tsawon da nas ta nuna miki, kar ki ƙara. Kar ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 domin kina zuƙar majina kina zuƙe masa iska ne, sai ki mayar masa da injin numfashi, mijinki ya huta kafin ki sake. Nan ma fuskarsa za ki riƙa kallo.

Darasi na 3: Alamun ciwon huhu

Majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore, ta yi kauri ko wari, zafin jiki ya kai digiri 38 na Celsius, ko lambar oksijin a na'urar yatsa ta sauka ƙasa da wadda likita ya ba ku. Ki kira likita a ranar, kar ki jira gobe. Kan gado ya zama a ɗage, a riƙa juya mijinki duk awa 2.

Darasi na 4: Tafiya asibiti

A jaka: ambu, robar wuya ta canji guda biyu (ɗaya daidai tasa, ɗaya ƙarama), injin zuƙa, batir mai cikakken caji da caja, sunayen magunguna, takardar saitin inji. Ki gaya wa nas yadda yake cewa eh da a'a in ba ya iya magana.

Darasi na 5: Hutu

A koya wa mutum na biyu a gida darasi na 1, ku riƙa karɓa-karɓa da dare.