Hoton duwatsu na baƙi da fari a lokacin ɗari: inda ake ɓata shi wurin ɗauka da gyara

Maradi ba ƙasar duwatsu ba ce, gulbi gare mu da fili. Amma masu hoton garin nan suna yawo. Wani ya dawo daga Agadas da hotunan tsaunin Bagzan, wani daga Damagaram da duwatsun unguwar Birni, wani kuma ƙanensa da ke karatu Faransa ya turo masa tsaunukan Alf lulluɓe da dusar ƙanƙara, ya ce a gyara. Da zarar an mai da su baƙi da fari, ciwo ɗaya ke kama su: mai gyara ya ɗauka sai baƙi ƙirin da fari fat, ya kashe duk abin da ke tsakani, alhali a tsakanin nan jikin dutse yake.

Ɓarnar takan fara tun wurin ɗauka. Ma'aunin hasken kamara an gina shi ne a kan cewa abin da ke gabansa ruwan toka ne matsakaici, mai mai da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. In ya ga ƙanƙara sai ya ce haske ya yi yawa, ya rage, farin ya fito dishi-dishi kamar farar shadda da ta sha wanki da ruwan gulbi. Haka yake yi wa farin rairayi da sararin hunturu. Maganin shi ne a ƙara haske da hannu, +1 har zuwa +2, ido na kan jadawalin haske, wato zanen da kamara ke nunawa mai duhu a hagu da fari a dama, kada tudunsa ya manne da bangon dama. Farin da ya ƙone ya tafi ke nan. Ko ka ja shi baya a kwamfuta, tabo za ka samu mai launin toka, babu ko ƙwayar ƙanƙara a ciki.

Wajen 1940 wasu Amurkawa biyu, Ansel Adams da Fred Archer, suka kasa haske matakai 11, daga 0 baƙi ƙirin zuwa 10 farin takarda. Ƙanƙarar da ake son a ga jikinta mataki na 8 take zama. Galibin hotunan da ake kawowa a duba, ko dai ta faɗo na 5, ko an tura ta na 10. Wanda ya riƙe wannan lissafi a ka ya rage wa kansa rabin wahala.

Sai batun cire launi. Da yawa suna jan maɓallin launi zuwa sifili su ce an gama. Jan dutse da shuɗin sama na iya komawa toka iri ɗaya, tsauni ya narke cikin sama. Gara a buɗe wurin da ake juya kowane launi daban, a manhajar gyaran hoto ta Lightroom ko makamanciyarta, a rage shuɗi sama ta yi duhu, a ɗaga ja da rawaya dutse ya fito. Amma a nan akwai tarko. Inuwar da ke kan ƙanƙara ita ma shuɗiya ce, don hasken sama ne ke sauka a kanta, saboda haka in ka danne shuɗi da ƙarfi ita ma za ta baƙe, kwarin dutse ya koma rami. Ware sama kaɗai ka yi mata aiki. A hoton hunturu na ƙasarmu kuwa kada ka wahalar da kanka, samar fara ce, ba shuɗin da za a danne.

Hazo ne abin da aka fi zalunta. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ita ce ke jera tsaunuka saf-saf, na kusa baƙi, na bayansa toka, na can nesa da ƙyar ake ganinsa. Wannan jerin ne ke gaya wa ido akwai nisa. Sai mai gyara ya kama maɓallin kore hazo ya ja har ƙarshe, tsaunuka uku su haɗe wuri ɗaya, sama ta cika da tsaki-tsaki. A ganina hazon nan rabin hoton ne. Ƙara wa dutsen gaba kaifi, ka bar na baya cikin ƙurarsa.

Kafin ka ce ka gama, faɗaɗa hoton ka bi bakin tsauni da yatsa, inda dutse ya haɗu da sama. In ka ga wani siririn farin layi yana bin gefen kamar an zana da alli, kaifin ya yi yawa, rage shi. Duba sama kuma: ɗigo-ɗigon da ke wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce a kan sansar kamara, wato farantin da haske ke sauka a kansa a cikinta, ta fi fitowa in an tsuke ƙofar haske zuwa f/16. Sama mai layi-layi kuwa laifin JPEG ne, tsarin ajiye hoto da aka saba, matakan haske 256 kawai gare shi, RAW kuwa, wato ɗanyen fayil da kamara ba ta sarrafa ba, mai bit 14 yana da 16,384. In na'urarka na iyawa, ɗauki RAW. Batir kuma a sa shi aljihun ciki, sanyi na shanye shi.

Saura wanda aka nuna wa hoto. Yaro ya miƙo waya ya ce, "Yaya, duba mini wannan." A ce masa, "Masha Allah, ya yi kyau," ya tafi bai ƙaru da komai ba. Gaya masa inda idonka ya fara sauka. In kan farin tabo ne a kusurwa ba kan tsaunin ba, ya san abin da zai duhunta. Tambaye shi abin da ya tsai da shi har ya ɗaga kamara, sannan ku duba ko abin nan ne ya fi fitowa. Gyara ɗaya ko biyu ya isa a zama guda. Kai mai neman shawara kuma, turo hoton a matsayin fayil, tare da na asali da ba a taɓa ba, don WhatsApp na matse hoto, sai a yi ta yi maka gyaran laifin da ba kai ka yi ba.