Ga sababbin zuwa masu fama da rama: ku ga likita kafin ku nemi maganin ƙiba

Wata uku da sauka a ƙasar waje na ƙara huda biyu a bel ɗina. Dama ni siriri ne tun ina yaro, ga ciki mai tsirfa, madara ba ta karɓe ni ba, burodi kuma in na ci sai kumburi da gudawa. Duk wanda ya kira ni ta bidiyo maganarsa ɗaya ce: "Kai, ba a ba ka abinci ne?" Yanzu ina ganin ƙannena sababbin zuwa suna bin sawun da na bi, shi ya sa na ce bari in yi magana.

Lissafin gane ko ramar ta yi yawa ba wuya. Ka raba nauyinka a kilo da tsawonka a mita, ka sake raba amsar da tsawon, abin da ya fito shi ne BMI, wato ma'aunin nauyi gwargwadon tsawo. In ya gaza 18.5, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ka cikin masu ƙarancin nauyi.

Inda na sha wuya shi ne wajen gwaji. Na yi ta jan ƙafa ban yi rajista da likita ba, ina cewa ai haka Allah Ya yi ni. Da kumburin ya ishe ni sai na yanke wa kaina hukunci, na daina cin duk abin da aka yi da alkama. Na ɗan samu sauƙi. Bayan wata biyu na samu ganin likita, aka ɗebi jini don a duba cutar siliyak, wadda gulutin, wani furotin da ke cikin alkama da sha'ir, ke sa garkuwar jiki ta lalata bangon hanji har abinci ya daina shiga jiki. Sakamako ya fito lafiya lau. Ashe gwajin ba ya kama cutar sai mutum yana cin gulutin ɗin, kuma ban gaya musu na daina ba, su ma ba su tambaya ba. Dole na koma cin burodi kullum har mako shida, ina murɗe-murɗe, sannan aka sake gwaji aka gano ta. Kusan rabin shekara ya tafi a banza. Don Allah kada ku cire komai daga abincinku kafin gwaji. Ku kuma roƙi a duba suga, tayirod (ƙullin gaban wuya mai daidaita aikin jiki), ƙarancin jini, tsutsar ciki, da tarin fuka in akwai tari ko zufar dare. Kaɗaici da damuwa ma suna kashe sha'awar abinci, ku faɗa, ba abin kunya ba ne.

Jama'armu akwai kara, kana cewa ba ka da lafiya za a cika maka ɗaki. Amma a cikin masu zuwa dubiya ba a rasa mai kawo "sha ka fashe". Yawanci deksametason ne, kuma abin da yake kawowa kumburin fuska da tumbi ne, ga hawan suga da raunin ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha kada ya daina lokaci guda, ya je wurin likita a rage masa a hankali. Ruwan Apetamin da ake sha don ƙiba ma, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi a kansa a 2023, yana sa barci, yana iya taɓa hanta.

Abin da ya yi mini aiki shi ne ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) 300 zuwa 500 a rana, ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida. Mai na da kalori 9 a kowane giram, sitaci da furotin 4 kawai, don haka babban cokali ɗaya na man zaitun a kan shinkafa ya kai kusan 120. Ƙwai, kifi, wake, dankali, man gyaɗa ga wanda gyaɗa ba ta hana shi. Madarar da aka cire wa laktos, wato sukarin madara, ƙarfinta ɗaya da ta kullum. Ruwa kuma bayan an gama ci, kada ya tare wa abinci wuri. Ku koyi karanta bayan kwali: a Birtaniya da Tarayyar Turai doka ta sa a fito da abubuwa 14 masu tayar da rashin jituwa ɓaro-ɓaro a jerin kayan haɗi.

Wanda ya rame ƙwarai ko ya yi kwanaki ba ya ci, kada ya afka wa abinci gaba ɗaya, gishirin jini na iya rikicewa har ya taɓa zuciya, wannan sai da sa idon likita. Ni da na samu daidaito na haɗa da ɗaga ƙarfe sau biyu a mako, ina hawa sikeli ranar Asabar kawai. Sai da na shekara kafin bel ɗin ya koma hudarsa ta asali.