Idan Hajiya za ta koma gidan kula da tsofaffi a Ingila

A gidanmu na Ƙofar Marusa ba a taɓa zama don a tambayi wa zai yi jinyar tsoho ba. Ga surukai, ga jikoki, ga maƙwabta masu leƙowa bayan La'asar. Da wannan sabon muke sauka Ingila, mu Katsinawa da Daurawa, sai mu tarar miji na aikin dare, mata na aikin rana, yara na makaranta, tsohuwa ita kaɗai a saman bene. A watan Disamba kuwa, kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi a Landan.

Gwaggona ta daɗe a wurin ɗanta har ɓarin jikinta ya shanye. Wata takwas muna jan ƙafa don gudun gori, kada a ce a gida mun kai uwa gidan gajiyayyu. A cikin jan ƙafar nan ta faɗi a banɗaki, ba kowa a gidan. Har yau abin na ci mini rai.

Saboda haka ku fara da ita tsohuwar taku. Ku zauna a gabanta ku ce, "Hajiya, ga halin da ake ciki, me kike so?" Wata za ta ce a mai da ta Katsina cikin danginta, kuma in akwai mai riƙe ta da hanyar samun magani, wannan ba ƙaramar mafita ba ce. In ta zaɓi zama, a kira kawunnai da yayye na gida tun kafin a ɗauki jaka, su ji daga bakinta.

Daga nan sai ƙaramar hukumar da kuke zaune. Dokar kulawa ta 2014 ta ɗora mata auna buƙatar tsoho kyauta. Bayan haka ake duba aljihu: mai dukiyar da ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, wanda bai kai ba hukuma na tallafa masa, amma ana cira daga fanshonsa. Wannan lissafin Ingila ne, na Sikotilan da Wales daban. Wadda bizarta ta hana cin tallafin gwamnati, a ga lauyan shige da fice tukuna.

Gidajen ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda tsohuwa ke da sashenta da kicin da makullinta, ma'aikata na kusa dare da rana; akwai mai nas-nas don masu jinya mai nauyi. Hukumar CQC, mai sa ido kan ayyukan kula da jinya a Ingila, na duba su, tana ba su daraja mataki huɗu, rahoton na intanet. Ku karanta, amma ku je da ƙafarku lokacin cin abinci, ku ga yadda ake yi wa wanda ba ya iya ɗaga cokali. Takardar wakilci kan kuɗi da lafiya kuma, wadda za ta ba wani ikon yanke shawara a madadinta, a yi ta tun hankalinta na tare da ita, don rajistarta na ɗaukar makonni.

Inda na fi so ku ba ƙarfi shi ne takardar tsarin kula da ita, domin abin da ba a rubuta ba, ma'aikaciyar dare ba za ta sani ba. Su can sunan yanka suke kiran kowa, ko ya kai tamanin. A rubuta Hajiya ake ce mata. A rubuta mace ce za ta yi mata wanka, da ruwa take tsarki, butarta na zama a banɗaki. Naman halal, kuma a lura da kayan zaƙi, wasu da giya ko sinadarin alade. A manna alamar alƙibla a bango, a rataya jadawalin salla, don lokutan na tafiya da nisa tsakanin sanyi da zafi. Mai ciwon mantuwa sau da yawa Turancin ke fara guje masa, ya koma harshen da ya sha a nono. Mu mun rubuta wa ma'aikata kalmomi kaɗan da ma'anarsu: ruwa, sanyi, ciwo, sannu. Ranar da wata ta shigo ta ce "Sannu, Hajiya", Gwaggo ta riƙe hannunta ta ƙi saki.

Ku kai mata zannuwanta, darduma, carbi, da wayar da za ta ji BBC Hausa. Turaren wuta zai tayar da ƙararrawar gobara, sai dai humra. Lambar masallacin da ke shirya jana'iza ma a bar musu, tare da bayanin ba ma jinkirta binne mamaci.

Makonnin farko ne masu wuya. Ku riƙa zuwa a lokaci ɗaya kullum don ta san sa'ar da za ta sa ido a ƙofa. Mu ranar Juma'a muke kai tuwo da miyar kuka a kula, mu kira gida ta bidiyo a zagaya da wayar ɗaki ɗaki, har zaure. Da sanyi agogon Katsina na gaba da awa ɗaya, sai a kira da wuri kafin su tashi sallar Magariba.