Yadda za ka raba kanka da kallon batsa: shawarar mai gyaran waya

Sana'ata gyaran waya ce a nan birnin Katsina, kuma mai wannan sana'a yana ganin abin da liman ba ya gani. Ba bincike nake yi ba, wayar mutum amana ce. Amma idan aka kawo maka waya ta cika ta ƙi motsi, tallan tsiraici na ta faɗo mata, ai ka san inda aka je. Ɗalibai ne, 'yan kasuwa ne, magidanta ne, har da mata. Wasu sai shago ya watse suke dawowa su ce, "Malam, akwai yadda za a toshe abin nan?" Akwai. Sai dai toshewa kaɗai ba ta raba mutum da shi, don haka ga abin da nake gaya masu baki da baki.

Ka fara da gane ko abin ya kama ka. Ka sha ɗaura niyyar bari ka kasa? Yana cinye maka dare har asuba ta wuce ka? Abin da ka fara kallo ya daina isarka, sai ka nemi wanda ya fi shi muni? Kana ci gaba alhali daɗin ma ya tafi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan kasa riƙe kai a sha'anin jima'i cikin kundinta na cututtuka, bugu na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, idan ya kai wata 6 yana ɓata wa mutum rayuwa. Ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari, dofamin, duk sa'ad da take sa ran abin daɗi, kuma sabon abu ya fi tayar da shi. A intanet kuwa sabo ba ya ƙarewa. A hankali sai ƙwaƙwalwar ta haɗa abin da lokacinsa da wurinsa: dare, katifa, ƙofa a kulle, waya a hannu. Da waɗannan sun haɗu, yatsa ya tafi kafin ka yi shawara da kanka.

Shi ya sa nake cewa ka daina rantsuwa, ɗan'uwa. Na san masu dafa Alƙur'ani su rantse ba za su ƙara ba, mako bai zagayo ba sun koma, ga laifin kallo ga kaffara a wuya: ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, wanda bai da hali ya yi azumin kwana 3, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, aya ta 89. Da rana ake rantsuwar, cikin mutane, ƙarfi na jiki. Jarabar kuwa ƙarfe 1 na dare take zuwa. Allah bai ce kada a yi zina kawai ba, cewa Ya yi kada a kusance ta (Isra'i, 32), kuma a Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, da runtse ido Ya fara. Tun daga nesa ake tarar abin.

To, ka ɗauki mako guda kana rubutawa a takarda: wane lokaci abin ke taso maka, ina kake, me ya faru kafin nan. Za ka tarar sau da yawa ba sha'awa ce ta fara ba. Zaman banza ne, ko ɓacin rai, ko tunanin bashi, ko kaɗaici. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kai kuma tsagar taka kake nema.

Daga nan sai waya. Abin da ya fi kowanne aiki, kuma wanda aka fi ƙin ji, shi ne kada ta kwana da kai. Ka bar ta wurin mai caji bayan Isha'i ka karɓa da safe, ko ka miƙa wa Inna ko maiɗakinka ta ajiye. Idan kana tsoron kiran gaggawa, ka sayi ƙaramar waya mai tocila. Ka bar sayen datar dare mai arha, don ban ga wanda ya saye ta don karatu ya tsaya a karatun ba. Ka goge abin da ka tara, na cikin waya da na memori da wanda aka turo maka ta Xender, kada ka rage ko ɗaya "don ko-ta-kwana". Ka fita daga zaurukan Telegram da WhatsApp da ka san abin da ake turawa. X kuwa, wato tsohon Twitter, ƙa'idarsa ma ta yarda da hotunan tsiraici, idan ba abincinka ke ciki ba ka cire shi.

Toshewar ga yadda take. A wayar Android, daga samfuri na 9 zuwa sama, ka shiga saiti ka nemo inda aka rubuta Private DNS, ka sa family.cloudflare-dns.com, ka ajiye. Zai hana yawancin shafukan batsa buɗewa, kuma kyauta ne. A iPhone ta Screen Time ake yi. Amma Private DNS ɗin ba ya ganin abin da ke cikin Telegram, kuma wanda ya sa shi da hannunsa zai iya cire shi da hannunsa. Saboda haka ka kulle saitin da Play Store da makullin manhaja, yawancin Tecno da Infinix suna zuwa da shi, ka ba wani ya sa lambar sirrin ba tare da ka gani ba.

Wannan wanin shi ne rabin maganin. Mutum ɗaya, ba majalisa ba: yayanka, amininka mai riƙe sirri, ko malamin da ka san ba zai ɗauke ka misali a wa'azi ba. Ba sai ka zayyana masa abin da ka kalla ba, Allah Ya rufa maka asiri kada ka tona. Ka ce kana fama da waya, ya riƙa tambayarka duk Juma'a.

Idan abin ya taso, kada ka tsaya gardama da shi a kwance. Tashi, buɗe ƙofa, fita tsakar gida, yi alwala, ka ba kanka minti 15. Sha'awa tana hawa ta sauka idan ba a ciyar da ita ba. Lokacin da ka ƙwato kuma ka cika shi da abin da ke gajiyar da jiki, ko ƙwallon yamma, ko tafiya daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro, ko makarantar dare. Azumin Litinin da Alhamis na taimakawa, Annabi (SAW) ya ce matashin da bai samu halin aure ba ya yi azumi, garkuwa ne gare shi. Auren ma ba ya goge abin shi kaɗai. Magidantan da ke zuwa shagona sun isa shaida, wasu sun shiga da shi ɗakin amarya sun bar baiwar Allah tana zargin kanta.

Mai yiwuwa ka koma, kuma nan ne da yawa ke cewa tunda na ɓata bari in ƙarasa. A'a. Ka yi wanka, ka yi sallarka a kan lokaci, ka tuba, aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana yanke ƙauna. Sannan ka duba takardarka ka ga ta ina aka shigo, ka toshe nan. Masu yawo da lasifika suna tallan maganin istimna'i kuwa, ka riƙe kuɗinka. Babu garin da za ka dama a kunu ya hana yatsa taɓa waya.

Idan ka yi duk wannan wata da watanni abin bai saki ba, ko baƙin ciki ya danne ka, ko har kana tunanin gara mutuwa, to lokacin likita ya yi. Haka nan idan ido ya fara karkata ga hotunan ƙananan yara, wanda ajiye su kaɗai laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015, kada ka jira gobe. Ka nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Idan kunyar idon sani ce ta hana ka, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato. Wurin yankar kati ka ce damuwa da rashin barci suka kawo ka, sauran bayanin sai kun keɓe da likita.