Yadda ake rufe hoto ko zayyana da gilashin roba mai tare UV, da tsawon lokacin da yake yi

Duk wanda ya shigo shagona da hoton aure ko zayyanar saukar ɗansa, da na ambata masa gilashin roba mai tare UV, tambaya ɗaya yake yi: "Shekara nawa yake yi?" In na gaskiya ka samu, ba gilashin ne zai fara gajiya ba. Sinadarin da ke shanye UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani amma yake cin launi, a cikin jikin robar aka gauraya shi tun wurin ƙira, ba shafe ba ne da tsumma zai goge. A cikin ɗaki yakan yi gomman shekaru yana aikinsa. Abin da ke kashe shi a nan Damagaram ƙura ce da hannun mai gogewa. Kuma hoto yana iya koɗewa gilashin na nan garau, zan zo kan wannan.

Fara da tabbatar da abin da ka saya. Mu duk robar nan Plexiglas muke ce mata, sunan da wani kamfanin Jamus ya sa wa tasa tun 1933, amma ba kowace ce aka yi don tare UV ba. Wadda masu allon talla ke yankawa daban, ta hoto daban. Nemi wadda aka rubuta wa OP-3 ko UF-3 a jikin takardar da ke lulluɓe da ita, ko ta kamfanin Tru Vue da aka yi don tare UV. Irin waɗannan suna tare kashi 98 zuwa 99 cikin ɗari, alhali gilashin taga na yau da kullum ko rabi ba ya tarewa. Tsada kam akwai ta, ga kuɗin kawowa daga Kano ko Yamai, shi ya sa ba na ba kowa shawarar sa ta a hoton da za a iya sake wankowa gobe daga waya. Kada ka yarda da bakin mai sayarwa. Samu fitilar nan ta duba jabun kuɗi, ka shiga ɗaki mai duhu, ka haska farar takardar ofis, za ka ga tana ƙyallin shuɗi. Sa robar tsakanin fitila da takarda. In ƙyallin ya mutu, ta gaskiya ce. Sai dai fitilar ta zama mai lamba 365, lambar da ke nuna irin hasken da take fitarwa. Mai 395 tana fitar da hasken da ke ratsa har ta ƙwarai, sai ka je ka yi rigima da mutum a banza.

Wajen yanka, kada ka ɓare lulluɓin. Ja layi da wuƙar yankan roba sau da yawa a wuri ɗaya, ka ɗora a bakin tebur ka karya. Kuma ka rage milimita 2 zuwa 3 daga awon cikin firam. Yaran da ke koyo suna son su ga ta shiga cif, a ganinsu gwaninta ke nan. Roba tana buɗewa da zafi kusan ninki takwas na gilashi, kuma ka san yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40. Wadda aka matse a sanyin Janairu, kafin damina ta yi ciki ta turo waje.

Hoto kada ya taɓa robar. Sa kwali mai taga a tsakani, irin wanda ba shi da asid, ko siririn sanda a ɓoye a gefen firam. Kwalin katon ɗin sabulu yana mayar da takarda ruwan ƙasa, ni ba ya shiga aikina.

To, ga inda na sha wuya. Roba tana tara wutar nan da ke sa bargo ya yi tartsatsi da dare a lokacin hunturu, kuma busasshiyar iska ita ce abincinta. Da ka fizge lulluɓin da ƙarfi, ta zama mayen ƙarfen ƙura: duk abin da ke yawo a ɗakin sai ya manne mata. Farkon aikina da ita, a watan Disamba ne, wani dattijo ya kawo zanen fuskar mahaifinsa da aka yi da gawayi. Na ɓare lulluɓi, na ga ƙura, na sa busasshen tsumma na goge, na sake gogewa, ƙura na ƙaruwa. Na dai rufe haka. Washegari garin gawayin ya tashi daga takarda ya manne a cikin robar kamar inuwa, ga siraran zane-zane da yashi ya yi mata duk inda tsumma ya bi. Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaro, gemun Baba ya ƙaura ne?" Na ce, "Ka yi haƙuri, Baba, laifina ne." Robar nan na biya daga aljihuna, zanen kuwa bai koma yadda yake ba.

Abin da nake yi yanzu ke nan. Ba na rufe firam da rana in ana hazo. Sai da sassafe, ƙofa a rufe, fanka a kashe, na yayyafa ruwa a ƙasa. Lulluɓin a hankali nake naɗe shi a jikin sanda, ba fizga ba, kuma fuskar ciki kaɗai nake buɗewa, ta waje sai an gama komai. In na ga ƙura, hurawa nake yi da ƴar robar busa iska, ba da baki ba, don yawu. In dole sai an goge, tsumma mai laushi sosai, a jiƙa da ruwa mai ɗigon sabulun wanke kwano, a matse, a shafa ba tare da dannawa ba, a bari ta bushe sarai. Danshin ne ke kashe wutar. Ruwan goge gilashin mota ko na taga, da duk abin da ke da amoniya ko alkol, kada ya kusance ta. Yana sa ta yi hazo ko ƙananan tsage-tsage da ba su gyaruwa. Zanen gawayi da na alli kuwa, ko dai a samo robar da aka yi musamman ba ta tara wuta, irin Optium, ko a koma gilashi. Ni gilashi nake sa musu.

Rufe baya da kwali mai ƙarfi, ka bi gefuna da takarda mai gam don ƙura da kwari. In bangon ƙasa ne irin na gidajen Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, sa ɗan abu a kusurwoyin ƙasa ya ɗaga firam daga bango, saboda gara da danshin Agusta.

Saura wurin ratayewa, kuma shi ne ke yanke shekarun hoton. Ita robar, UV kaɗai take tarewa, hasken da ido ke gani yana wucewa, shi ma yana cin launi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Gidajen tarihi suna ajiye zanen takarda a hasken da bai wuce lukus 50 ba, lukus kuwa ma'aunin ƙarfin haske ne. Rana tsaka tana kai 100,000. Duba tsohuwar zayyana: baƙar tawadar gawayi da ƙaro tana nan daram, ja da rawaya na alƙalamin kanti su ne suka gudu. Don haka bangon da rana ke faɗowa ta taga ko ta ƙofar zaure, ko na awa ɗaya ne da la'asar, a bar shi. Nemi bangon da ke inuwa yini guda.

Ka gaya wa mutanen gida yadda ake gogewa, musamman wadda ke shara, don ita ce za ta riƙa taɓa shi kullum. Bayan shekara biyar ko makamancin haka, buɗe firam, ɗaga kwalin mai taga ka gwada launin da ya ɓoye da na fili. In sun bambanta, sauya bango. Tunda ka buɗe, sake gwada robar da fitilar nan kafin ka mayar.