Sayen ganyen shayi mai kyau ba tare da an fasa aljihu ba

Kyan kwali ba shi ne kyan ganye ba. Yawancin na ƴar jaka garin ganye ne, yana saurin ba da launi amma ƙamshinsa ba ya daɗewa, kuma wani ɓangare na kuɗinka ya tafi a kan takarda da zare. Sayi na warwatse. A Kasuwar Singa ta Kano, idan kuka haɗa kuɗi ku uku kuka ɗauki katan, farashin sari za a ba ku.

Duba inda aka noma shi. Na Mambila a Taraba na gida ne, ba a biya masa kwastan ba. Na Kenya yana da ƙarfi, yana jure madara. Na Sirilanka ya fi ƙamshi, sai dai tsada. In kwali bai faɗi ƙasa ba, galibi gauraye ne.

Kafin ka biya, ce wa mai shago: "Alhaji, a ɗan ba ni in gani." Murza a tafin hannu. Busasshe zai yi ƙaras-ƙaras. Wanda ya sha danshin damina zai lanƙwashe, yana warin rima. A gida, zuba kaɗan a ruwan sanyi. In ya yi ja nan take, mai yiwuwa rini aka sa masa.

Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi kofi ɗaya, minti 3 zuwa 5 a tafasasshen ruwa. Ya wuce haka, sai bauri. Ajiye sauran a gwangwani mai murfi, nesa da kanumfari da citta, don ganye yana zuƙar ƙamshin duk abin da ke kusa da shi.