Neman aiki a Amurka: yaushe ake da ikon tambayarka tarihin laifi?

Ɗan'uwa sabon zuwa, idan a Bronx ko Harlem ka sauka, ka sani cewa mai ɗaukar ma'aikata a birnin New York ba shi da hurumin tambayarka ko an taɓa kama ka ko ɗaure ka, a takardar neman aiki ko a intabiyu. Dokar birnin ta Fair Chance Act, wadda ta fara aiki a 2015, ta hau kan duk mai ma'aikata huɗu zuwa sama. Sai ya yi maka tayin aiki tukuna zai binciki bayanka.

Idan binciken ya tono wani abu, ba zai janye tayin haka kawai ba. Dole ya ba ka kwafin rahoton, ya rubuta dalilinsa, ya riƙe maka gurbin na aƙalla kwana biyar na aiki domin ka kare kanka. Don Allah kada ka yi sake da kwanakin nan. Kamfanonin bincike kan ɗora wa mutum laifin mai sunansa, ga shi mu kuma Muhammad da Ibrahim da Abdullahi sun yi mana yawa. Duba ranar haihuwa, duba adireshi, layi-layi. Idan kuma laifin naka ne, kawo shaidar gyaruwa: takardar tsohon maigidanka a wurin aiki, ta makaranta, ko ta limaminku. Wanda aka take masa haƙƙi ya kira 311 ya nemi hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta birnin.

Kowace jiha da tata dokar. Hawaii ce ta fara a 1998. A Kalifoniya tun 2018 dokar ta shafi mai ma'aikata biyar zuwa sama. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke Greensboro kuwa, jihar North Carolina ba ta hana kamfanoni masu zaman kansu yin tambayar ba. Aikin ɗan sanda da na kula da yara su ma da nasu ƙa'idojin.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗaukar wannan kariya su kai ta ofishin shige da fice. Can ba ta aiki ko kaɗan. Takardun neman katin zama da na zama ɗan ƙasa suna tambayar duk wani kamu, ko da kotu ta kori ƙarar ko an goge ta daga rajista, kuma ɓoyewa na iya jawo maka abin da ya fi laifin muni. Haka nan idan 'yan sanda suka kama ka, ko a kan ƙaramin abu ne, kada ka amsa laifi don a sallame ka da wuri. Tun 2010 Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta wa lauyan da ke kare ka ya sanar da kai idan amsa laifin zai iya sa a mayar da kai gida. Tambaye shi kafin ka sa hannu a kan komai.